Ɗab'in Nama a Cikin Jiki: Jawabi ga Jama'ar Zangon Agege, Ikko

Masana sun daɗe suna neman hanyar maye gurbin naman jiki da ya lalace ba tare da an ciro shi daga jikin wani ba. Kowa ya san injin ɗab'i yana zuba tawada bisa takarda. To, haka wannan sabon inji yake, sai dai tawadarsa ƙwayoyin halitta ne masu rai, gauraye da wani ruwa mai kauri, yana jera su hawa-hawa har su zama nama.

A shekarar 2022 likitoci a Amurka suka dasa wa wata mata kunne da aka ɗab'a da ƙwayoyin jikinta. A 2023 masana a birnin Sidni na Ostireliya suka ƙera wani siririn hannu mai lanƙwasa wanda ake zurawa ta hanji domin ya yi ɗab'in daga ciki. A 2025 kuma, a Kalifoniya, aka yi ɗab'i cikin jikin ɓeraye da zomaye ta hanyar aika sauti daga waje, ba tare da yanka ba. Amfanin ƙwayoyin majiyyaci kuwa shi ne jiki ba ya yaƙar abin da yake nasa.

Amma wajibi ne a fahimci cewa wannan aiki na cikin jiki yana matsayin gwaji ne tukuna. Har yau babu wanda aka dasa wa ƙodar da inji ya ɗab'a. Duk wanda ya yi wa majiyyaci irin wannan alkawari don ya karɓi kuɗinsa, mayaudari ne.

Mai ciwon ƙoda yana da inda zai nufa. Tun shekarar 2000 aka fara dashen ƙoda a Asibitin St. Nicholas da ke Ikko, a 2002 kuma a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jikin ɗan Adam.

Saboda haka ana roƙon sarakuna, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwa na Agege su gargaɗi matasa 'yan ci-rani, kada talauci ya sa su miƙa ƙodarsu ga dillalai. Wanda aka yi wa irin wannan tayi, sai ya sanar da 'yan sanda. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.