Gora A Hannun Yaro: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Kan Wasan Ƙwallon Gora

An shirya wannan jawabi ne domin Hakimai da Dagatai na Masarautar Birnin Gwari, da malaman da ke riƙe musu littattafai, su ji, kāna su isar wa iyayen yara da malaman makaranta da samarin da ke koyar da wasa.

Abin da za a yi magana a kansa shi ne ƙwallon gora, watau wasan nan da a ke kora 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda mai lanƙwasa a baki har a jefa ta raga. Wani zai ce ina ruwan Hakimi da wasan yara, ga rikicin gona, ga rabon gado, ga maganar tsaro? To, kowa ya san abin da ƙasar nan ta gani. Shekara da shekaru 'yan bindiga suka yi zaune a dazuzzukan Kamuku da Kuyambana, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, makarantu da yawa na ƙauyuka suka rufe. A watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da waɗansu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Amma yaran da suka tashi cikin waɗannan shekaru sun fi sanin sanda a matsayin makami. Ga shi kuwa wannan wasa ne da a ke ba yara ashirin da biyu sanda ɗaya-ɗaya, a ce su yi takara iyakar ƙarfinsu, a tashi ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. In an koyar da shi bisa ƙa'ida, labudda makarantar haƙuri ce. In an sake shi sakaka, kafin magariba ya koma faɗan ƙauye da ƙauye, kuma a zauren Hakimi maganar za ta kwana.

Domin a ga inda haɗarin ya ke, ya kyautu a duba wani ɗan'uwan wannan wasa wanda a ke yi a ƙasashen sanyi, irin su Kanada da Rasha da Amurka. A can ruwa ya kan daskare ya yi tauri kamar daɓe, 'yan wasa su ɗaura takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, su riƙa zamewa bisa ƙanƙara da gudu mai tsanani. Mutum shida-shida ne a kowane gefe, a yi minti 20 sau uku, abin da su ke bugawa kuwa wani faifai ne na roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1. Ran 3 ga Maris 1875 aka fara yinsa da tsari a cikin gini, a birnin Montiriyal. Ba mai cewa a kawo ƙanƙara Birnin Gwari, ko da ya ke a Nairobi akwai wani otal mai filin ƙanƙara na inji inda samarin Kenya ke yin wasan. Abin da za a ɗauko daga can shi ne darasin da suka saya da tsada.

Darasin fari kan kai ne. Kusan shekara ɗari suna wasa da kai a waje, ko mai tsaron gida ba ya rufe fuska. Ran 1 ga Nuwamba 1959 faifai ya fasa fuskar Jacques Plante, mai tsaron gidan Montiriyal, aka ɗinke shi, ya ce ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuska, aka yi ta yi masa ba'a wai tsoro ne. A watan Janairu na 1968 wani ɗan wasa, Bill Masterton, ya faɗi da ƙeya bisa ƙanƙara, bayan kwana biyu ya rasu. Duk da haka sai a 1979 babbar gasarsu ta tilasta wa sababbin 'yan wasa sa hular kwano, tsofaffi kuwa aka bar su da ra'ayinsu, na ƙarshensu mai wasa ba hula bai daina ba sai 1997. Haka nan a watan Oktoba na 2023 kaifin takalmi ya yanki wuyan Adam Johnson a birnin Shefild na Ingila, ya rasu, sa'an nan hukumar wasan ta duniya ta wajabta abin kāre wuya a gasanninta. Ba rashin kuɗi ya jinkirta su ba. Abin da ya jinkirta su shi ne kunya, kada a ce da namiji rago. Wannan ciwo kuwa samarin ƙasar nan ma suna da shi, don haka bai kamata a bar wa yaro zaɓi ba. Mai tsaron gida ba ya shiga raga sai da hula mai waya a fuska, da abin kāre ƙirji da ƙafafu. Hular kwano ta 'yan acaɓa ba ta tsare ido ko haƙori. Inda babu kayan, a ƙanƙanta raga a yi wasa ba mai tsaron gida, dokar wasan ta yarda da haka.

Amma fa a sani, hula tana hana ƙoƙon kai fashewa ne, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Wannan shi ne abin da ya fi kome muhimmanci cikin jawabin nan. Yaro ya kan bugu a kai bai suma ba, bai yi jini ba, ya miƙe ya ce lafiya lau, alhali ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Alamun su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da gani dishi-dishi, ko a tambaye shi da wa a ke wasa ya kasa faɗi. Duk yaron da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a jikinsa, ya gama wasa a ranar ke nan, kome roƙonsa, kome roƙon ubansa, domin bugu na biyu kafin na fari ya warke shi ne mai kisa. Ba zai komo ba sai alamun sun gushe sarai, malamin asibiti ya duba shi ya yarda. In kuwa ya riƙa amai a kai a kai, ko barci ya riƙa rinjayarsa ana tashinsa da ƙyar, ko ya yi jijjiga, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, to, ba maganar tofi ko shafa man zafi ba ce. A ɗauke shi nan take zuwa babban asibitin Birnin Gwari. Wanda ya ce wuyansa na ciwo kada a tayar da shi zaune, a ɗora shi bisa ƙyaure, wani na riƙe da kansa sambal.

A nan ne ƙasar nan ta bambanta da Kanada. Daga Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa zuwa asibiti tafiya ce, daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kuwa ya haura kilomita 100, ga shi mutane ba su son bin hanya da dare. An saba yin wasa bayan la'asar. In yaro ya bugu ƙarfe biyar da rabi, kafin a gane halin da ya ke ciki duhu ya yi. Saboda haka wasan gasa tsakanin gari da gari a sa shi da hantsi, a kuma tabbata akwai mota ko babur da mai a ciki a bakin fili tun kafin a busa usur. Hakimi shi ke da ikon hana wasan da ba a yi masa wannan tanadi ba.

Darasi na biyu shi ne kada a haɗa ƙanana da manya. A 2010 masana na Jami'ar Kalgari suka gwada yara 'yan shekara 11 da 12 na lardin Albata, inda aka yarda su bangaji juna, da na lardin Kwibek inda aka hana, suka sami raunin na Albata ya ninka sau uku. A 2013 hukumar wasan ta Kanada ta hana bangaza ga 'yan ƙasa da shekara 13. A ƙwallon gora na ƙasa bangaza haram ce ga babba da yaro, amma saurayi mai shekara goma sha bakwai in ya sake ƙwallo da ƙarfinsa, daidai fuskar ɗan shekara goma ta ke tashi. Tun da ya ke ba kowane yaro ke da takardar haihuwa ba, malamin wasa ya jera su ya raba su da tsawo da ƙwarin jiki. Ƙanana su yi biyar-biyar ko shida-shida a rabin fili, da ƙwallon tsumma ko na roba mai laushi. Ƙwallon goruba da yara kan tsinta yana da tauri, ba shi da zagaye sosai, ba a san inda zai tashi ba.

Sai maganar gorar kanta. Kada a aiki yara daji su yanko. Tun 1936 aka keɓe Kamuku gandun daji na En'e, a 1999 ya zama gandun Gwamnatin Tarayya, sare itace a ciki laifi ne, balle kuma abin da kowa ya sani na haɗarin shiga. Masassaƙin da ke yi wa gari ƙota zai iya sassaƙa ta da marke ko wani icce mai ƙwari. Tsawonta ya kai ƙugun mai riƙe ta, gefen hagu na bakinta a shafe, domin da wannan gefe a ke bugu. Ba ƙusa, ba waya, ba gwangwani a jikinta. Wadda ta tsage a jefa ta murhu. Dokar wasan ta ce nauyin sanda kada ya wuce giram 737, kuma dole ta wuce ta cikin zobe mai faɗin inci 2. Maƙeri zai ƙera wannan zobe cikin ɗan lokaci, a ajiye shi wurin malamin Hakimi, kowace sanda ta bi ta ciki kafin wasa. Wadda ta ƙi wucewa kulki ce, mai ita ya koma da ita gida. A dā an hana ɗaga sanda sama da kafaɗa ƙwata-ƙwata. An sassauta wa manya yanzu, amma ga yara ya fi kyau a riƙe tsohuwar doka, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Cikakken fili yadi 100 ne da yadi 60. A share duwatsu da kututture da kwalba, a cike ramuka. Filin da shanu suka kwana a kai yana ɗauke da ƙwayar ciwon nan mai sarƙe haƙora, don haka kowane rauni a wanke shi da ruwa da sabulu, a tambaya ko an yi wa yaron allurar rigakafi.

Game da iyaye, abin baƙin ciki ne a ce sau da yawa su ne su ke ɓata wasa. A shekarar 2000, a jihar Masacusets ta Amurka, wani uba ya doki wani uban har ya mutu a gaban 'ya'yansu, a kan gardamar wasan ƙanƙara na yara, kotu ta ɗaure shi a 2002. Can ma da ba su da tsohuwar gaba tsakaninsu ke nan. A ja igiya, 'yan kallo su tsaya bayanta, ba mai zuwa da adda ko sanda. Alƙalin wasa ya fito daga gari na uku, hukuncinsa kuma ba Dagaci ko mai kuɗin da zai tanƙwara. Katin kore minti 2 ne a waje, ruwan ɗorawa aƙalla minti 5, ja kuwa an fita ke nan. Yaron da ya ɗaga sanda da nufin duka, ko bai doka ba, a fitar da shi, kuma uban da ya shiga fili don kāre shi a bi da shi ta hanya ɗaya. 'Yan ƙanƙara suna da wata al'ada mai kyau: in an gama gasa, duk zafin da aka yi, sai ɓangarorin biyu su jeru su gaisa hannu da hannu, ɗaya bayan ɗaya. A ɗauki wannan.

Akwai wata magana da ta fi nauyi, wadda Hakimai suka fi kowa sanin zurfinta. Kada a yarda a kafa ƙungiya ta 'ya'yan manoma zalla ta kara da ta 'ya'yan makiyaya zalla, ko unguwar da aka kashe wa mutane da wadda a ke zargi. Wannan tsokana ce da sunan wasa. A cuɗa su, a raba da ƙuri'a, ɗan ruga ya miƙa wa ɗan gari ƙwallo. Ɗan Fulani tun yana ƙarami ya san riƙon sanda, sau da yawa shi zai fi saurin ƙwarewa, 'yan gefensa kuwa ba za su so rabuwa da shi ba. Malamin wasa ya tabbata kowane yaro ya taɓa ƙwallo, kada a bar mai rauni yana zaman benci mako da mako har ya yi zuciya ya daina zuwa, domin wanda ya daina zuwa shi ne wanda a ke tsoron inda zai nufa.

Aikin malamin Hakimi a nan kaɗan ne, amma ba a yi sai da shi. Ya buɗe littafi guda: sunan yaro, da na ubansa, da unguwarsu, da shaidar cewa uban ya yarda. Duk wanda ya bugu a kai a rubuta ranar, da ranar da malamin asibiti ya sallame shi, kada ya tsallaka wani gari ya shiga wasa a ɓoye. Lokacin da ya fi dacewa da gasa shi ne bayan kaka, sa'ad da amfani ya shiga rumbu, sanyi ya sauko. Da bazara a rage minti, a ajiye randar ruwa a bakin fili. Malamin wasa kuma ya san abin yi in haƙorin yaro babba ya fita ɗungum: a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare, a tsoma shi cikin madarar shanu sabuwa, ba nono mai tsami ba, a gaggauta kai yaron asibiti da shi, domin in an yi sauri cikin sa'a guda a kan iya mayar da shi gurbinsa ya kama.