Faɗakarwa Ga Malaman Yara A Kan Bulalar Gardi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana malaman Yelwa da Wara da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa, ku sani ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka faɗa wa kwalejin Birnin Yauri, suka kwashe ɗalibai da malamai. Ba a yi wata guda ba na iske ƙolayena a bayan zaure, sun yi bindigogin kara, sun ɗaure ƙaramin cikinsu, ɗayansu yana tsula masa bulala. Na dubi hannunsa, wallahi yadda gardina ke riƙe ta haka ya riƙe. Ni kuwa na ba gardin nan bulala. Daren nan ban yi barci ba.

Ya 'yan'uwa, yaro da ido yake karatu kafin allo. Malamanmu na Malikiyya sun riga mu gane haka. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu shekara ta 256 Hijiriyya, ya hana malami duka cikin fushi, ya kuma ƙi a ba wani yaro ikon dukan 'yan'uwansa. Anas kuwa ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10, bai taɓa tsawata masa ba.

Wani malamin boko ya ba ni labarin wata dabara da aka fara a Amurka a 1969. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, a faɗa musu dokoki kaɗan, ƙungiyar da ta kiyaye a yaba mata. Aka jarraba ta ga 'yan shekara 6 a birnin Baltimo, aka bi su har suka girma, aka iske ta rage faɗa da ta'adi, balle ga maza masu zafin rai.

Na ɗauki abin da ya dace da mu. Na karɓe bulala daga hannun gardi. Na raba yara kashi 4, na haɗa Bahaushe da Bagunge da Bakambare da ɗan Sarkawa wuri ɗaya, don a bar gorin asali. Doka 3 ce: ba duka, ba zagi, ba ƙwace. Kashin da ya kiyaye har Laraba, su ke fara wanke allo, in sa musu albarka gaban kowa. Waɗanda suka yi faɗa, kowa ya faɗi nasa, su yi musafaha.

Ban ce faɗa ya ƙare ba, amma kuka ya ragu, hadda ta ƙaru. Ku jarraba daga Asabar mai zuwa, in mun haɗu kowa ya faɗi abin da ya gani.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasar Yauri lafiya. Amin. Wassalamu.