Tarihin Amurka Yana Nan Cikin Gonakin Kadawa

 Maganar da ta tara mu yau ita ce karatun yaranmu 'yan aji 4 zuwa aji 6 na firamare, da irin labarin duniya da ya kamata su sani.

Kun san an cire darasin Tarihi daga firamare tun wajen 2009, har yara suka yi ta fita makaranta ba su san ko wane ne Rumfa ba. Sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar mayar da shi. To, lalle ne mu talakawa mu sa baki a kan yadda za a koyar da shi, domin 'ya'yanmu ne ke cika azuzuwan nan. Tarihin ƙasarmu shi ne gaba, wannan babu gardama. Amma labarinmu ba ya cika sai an taɓo labarin farkon Amurka, kuma malamin da ke Kura ko Bunkure ba ya bukatar littafi mai tsada kafin ya fara. Gona ta ishe shi allo.

Na farko, malam ya fita da yara bakin kanal, ya ce su ƙirga abin da aka shuka. Za su ce tumatir, masara, tattasai, attarugu, gyaɗa, rogo, dankali. Sa'an nan ya gaya musu duk waɗannan asalinsu daga nahiyar Amurka suke, ba a san su a nan ba sai bayan da Kolombus ya ƙetare teku a 1492. In yaro ya ce yaushe ke nan, a ce masa zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ne, wanda ya kafa kasuwar Kurmi, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wato Rumfa, da duk girman sarautarsa, bai taɓa shan miyar tumatir ba. Yaron da ya ji wannan, kullum ya ga ana lodin kwanduna a Kwanar Gafan za a kai Ikko, sai ya tuna.

Na biyu, a gaya wa yara su wane ne masu wannan iri. Kolombus bai tarar da daji ba kowa ba. Akwai mutane da garuruwansu da gonakinsu, su ne suka fara noman masara shekaru dubbai kafin zuwansa. Da Turawan Ingila suka sauka Jamestown a 1607, yunwa ta kusa ƙarar da su, masarar 'yan ƙasa ce ta riƙe su. Daga baya baƙin nan suka yi ƙarfi, cututtukan da suka zo da su suka kashe masu ƙasa da yawa, saura aka kore su daga filayen kakanninsu. Yaranmu za su gane zafin wannan, domin a cikin kakanninsu akwai waɗanda ruwan Tiga ya tasa daga garuruwansu sa'ad da aka gina madatsar, tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ba mu ce abin ɗaya ba ne, amma wanda ya taɓa barin gonar gado ya san abin da ake nufi.

Na uku, kuma nan ne muka fi so ku lura. A 1619 jirgi ya sauke mutanen Afirka kamar 20 a Birjiniya, daga nan fataucin bayi ya yi ta haɓaka a can. A Karolina ta Kudu abu biyu ne suka azurta masu gandaye kafin 'yancin kai: shinkafa da baba na rini. Jama'a, me aka san Kura da shi? Yau shinkafa, jiya kuwa rini, tun da rawanin ɗan Kura har Agadas Buzaye suna nemansa. Masu gandayen Karolina sun fi son sayen bayi daga wajen Senegal da Gambiya da Saliyo, sabo da sun iya noman shinkafa tun daga gida. Su ne suka haƙa hanyoyin ruwa, suka yi datsi, suka sussuka a turmi, suka sheƙe da faifai, kamar yadda iyayenmu mata ke yi. Wake da kuɓewa ma daga nan suka bi jiragen bayi zuwa can. Sabo da haka kada a koya wa yaro cewa baƙar fata ƙarfi kaɗai ya kai Amurka. Ya kai ilmi da sana'a, aka ci moriyarsu ba lada.

Akwai ma masu karatu cikinsu. Ayuba Sulaimanu Jallo, Bafulatani daga Bundu ta ƙasar Senegal, an sayar da shi a Maryland wajen 1731, aka sa shi aikin taba. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta zama sanadin fansarsa, ya bi ta Ingila, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya koma gida a 1734. Yaron da ke zuwa makarantar allo da yamma ba zai manta da wannan mutum ba.

Na huɗu, maganar haraji, wadda 'yan kasuwa suka fi kowa sani. Majalisar Ingila ta ɗora wa mazauna Amurka harajin takardu a 1765, alhali ba su da wakili ko ɗaya a cikinta. Suka ce ba za su biya kuɗin da ba a shawarce su a kansa ba. A 1773 mutanen Boston suka zubar da akwati 342 na ganyen shayi a teku. Ran 4 ga Yuli 1776 yankuna 13 suka ce sun fita daga hannun Sarkin Ingila. A lokacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ɗan shekara kamar 22, bai daɗe da fara wa'azi ba. Mu ma nan mun san haraji da jangali, waɗanda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke a Jihar Kano a 1979.

Amma kada malam ya tsaya nan ya ce a tafa. Thomas Jefferson, wanda ya tsara takardar 'yancin da ta daidaita mutane duka, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. George Washington, shugabansu na farko, shi ma mai bayi ne. Ba a hana bauta a ƙasar ba sai 1865, bayan yaƙin basasa, shekara 89 ke nan da samun 'yanci. Yaro ɗan shekara 11 yana da hankalin da zai tambaya, 'yancin na wane ne? Wannan tambaya ita ce amfanin darasin, ba haddar sunayen manya ba. Kuma in ya juyo da ita gida, ya ce mu fa, ba a yi bauta a ƙasar Kano ba? A gaya masa gaskiya, an yi, har da kasuwarta.

To jama'a, ga abin da muke roƙo. Iyaye, ku riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ku tambaya ko ana koyar da Tarihi a makarantar unguwarku, kuma wa ke koyarwa. Dattawan da suka ga zamanin karofi da zuwan ruwan kanal, in malam ya gayyace ku aji, kada ku ƙi. 'Yan kasuwa, in yaro ya dawo da yamma, kafin ku aike shi talla ku tambaye shi daga ina tumatir ya zo.

Allah ya raya mana su, ya ba su ilmi mai amfani.