Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Jawabi kan haƙƙin naƙasasshe na faɗin albarkacin bakinsa cikin jinyarsa

Alhazai 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati, iyaye mata, jama'ar Agye da Gazawa da Gidan Rumji.

A fannin likitanci akwai reshe da ake kira ergoterapi, watau jinya ta hanyar aiki. Ya bunƙasa a Turai da Amurka zamanin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da sojoji suka komo gida wasu ba hannu, wasu ba ƙafa. Burin ma'aikacin wannan fanni shi ne mutum ya koma ga hidimominsa na yau da kullum: sa riga, alwala, girki, noma da ciniki.

Naƙasasshe na maraba da wannan ilimi, amma yana da ƙorafi guda: ba a cika tambayarsa ba. Akan auna ƙafarsa, a rubuta takarda, a miƙa masa abin da aka zaɓa masa, sa'an nan a jira godiya.

A dubi gurgun da shan inna ya kama tun yana yaro. An tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta bar Afirka, amma waɗanda ta gurgunta suna nan da ransu. Idan aka ba irin wannan mutum keke mai siririyar taya, wanda aka ƙera domin daɓen siminti, a rairayin ƙauyukan Agye ko ƙofar gida ba zai kai shi ba. Da an tambaye shi, da ya ce keke mai ƙafa uku yake so, mai kaurin taya, da wurin ɗora tiren kayan sayarwa. Haka wanda ya warke daga kuturta, cutar da asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana magani: hannunsa ba ya jin zafi, ƙotar hauya na iya yi masa gyambo bai sani ba. Shi ya san hauyar, shi zai nuna inda za a naɗe ta da abu mai taushi. Matar da hannunta ya shanye kuwa, damuwarta taɓarya ce da igiyar guga, ba wanda zai gane haka sai ya zauna da ita a tsakar gida.

A Kanada, masanan wannan fanni sun fito da wani ma'auni a 1991. Majinyaci ne ke zaɓen ayyukan da suka fi damunsa, har guda 5, ya ba kansa maki daga 1 zuwa 10 kan yadda yake iya su da kuma gamsuwarsa. Bayan jinya a sake tambayarsa. Hukuncin nasara a bakinsa yake. Wannan dabara ba ta buƙatar na'ura, kunne da haƙuri kawai take so.

Doka ma tana bayansa. Tun 1993 Nijar ta ajiye wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a ma'aikatu masu ma'aikata 20 ko fiye. A 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya wadda ta wajabta shawara da su kan duk abin da ya shafe su.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka sayi kekunan sadaka, kira masu hawansu ka ji ta bakinsu, ka ba mai walda na Cadawa ko Tibiri aikin, domin in ya lalace gyara na kusa. Ma'aikaci kuma, kafin ka sa hannu kan takardar taimako, tambayi mai ita: "Malam, wane aiki kake so ka koma yi?" Ka rubuta amsar da bakinsa ya faɗa, ka kuma duba matattakalar ofishinka ko zai iya hawanta ya iso gare ka.

Allah ya ba mu ikon saurare.