BINDIGAR KIFI: A AUNA ROBA KAFIN A YANKA

Ga jawabin da wani masunci ya yi wa ɗaliban makarantar yaƙi da jahilci ta garinsu. Ya yi shekaru yana cin rani a bakin teku, a ƙasar Kodibuwar.

 

Malaminmu ya ce in yi muku bayanin bindigar kifi, domin ya ga wasu samarinmu sun fara sassaƙa ta. Ni a bakin teku na koye ta. Can ruwa garau yake, mutum yana nutso ya hango kifi nesa. Ruwanmu kuwa, ko tabkin Madarunfa, ko na Tabalak, ko kogin Kwara wajen Gaya, galibi da laka yake. Saboda haka bindigar nan ba za ta maye mana taru da birgi da mamari ba. Amma tun da yara sun kama, gara su san ƙa'idarta.

Bindigar ba ta da albarushi. Itace ne, da mashin ƙarfe siriri, da kunama, da roba, wadda muke ce wa kaucu. Robar tana ratsa rami a bakin itacen. Ana haɗa bakinta biyu da ƴar igiya, a ja, a maƙala igiyar a tsagar da ke jikin mashi. Duk ƙarfin bindigar a robar nan yake.

In roba ta yi tsawo, mashi ba ya da ƙarfi, sai ya tsokani kifi ya faɗi. In ta yi gajarta, ja ya yi wuya, mashi ya kauce, roba ta tsufa da wuri, kunama kuma tana iya saki da kanta.

Wannan ya taɓa samuna. Na yanka roba santimetir 35 a inda ake bukatar 50, wai ina son ƙarfi. Na kuma ɗana ta cikin jirgi, ba cikin ruwa ba. Kunamar da na yi da ƙusa ta kasa riƙewa. Mashi ya fita ya huda gefen jirgi, tsakaninsa da ƙafar abokina bai kai taƙi ɗaya ba. Mai jirgi ya kore ni, na kuma biya gyara. Har yau in na tuna, gabana faɗuwa yake.

To, ga ƙa'ida. Roba mai kyau ana jan ta har ninki 3 na tsawonta. Ƙwararru suna kai ta ninki 3 da rabi. Mai koyo ya tsaya ga 3.

Ku ɗauki allunanku mu yi lissafi tare.

Na 1: Ku auna daga ramin roba zuwa tsagar mashi, mashin yana zaune cikin kunama. A ce kun sami santimetir 80.

Na 2: Ku fid da abin da ƴar igiya ta ci, domin ita ba ta miƙewa. A ce santimetir 5 ne. Saura 75.

Na 3: Robar tana bin gefe biyu, dama da hagu. Sai ku ninka: 75 sau 2, ya zama 150.

Na 4: Ku raba 150 gida 3. Ya zama 50.

Ke nan tsawon robarku santimetir 50 ne daga ɗauri zuwa ɗauri. Ku ƙara santimetir 2 ko 3 saboda wurin ɗaurewa. In kuna shakka, ku bar ta da ɗan tsawo. Doguwa ana rage ta, amma gajeriya ba mai ƙara ta.

Sai maganar kauri. Robar da ake sayarwa domin wannan aiki kamar bututu take. Akwai mai milimetir 14, akwai mai 16, akwai wadda ta fi haka. Mai 14 ta ishi ƙaramin kifi irin karfasa. Mai 16 tana tafiya da mashi mai kaurin milimetir 7. Roba mai kauri kan siririn mashi lanƙwasa shi take yi, harbi ya baude.

Na san mafi yawanku shambur za ku yanka, wato robar cikin tayar keke ko ta mota. Ku sani shambur da yawa ba robar itace ba ce zalla, ba ta komawa da sauri. Ku gwada tukuna. Ku yanki tsiri mai santimetir 10, ku ja shi ya kai 30, ku saki. In ya dawo 10 nan take, da kyau. In ya tsaya da tsawo, ko ya nuna tsaga, ku yar.

Rana da zafi da man fetur suna kashe roba. Bayan aiki ku ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, ku ajiye a inuwa. Kafin kowane shiga ruwa ku ja ta kaɗan ku duba. Mai tsattsagewa a canza ta, don kada ta tsinke ta fyaɗi ido.

Abu huɗu kada ku manta. Kada a ɗana bindiga sai cikin ruwa, kuma a kwance ta kafin a fito. Kada a nuna wa mutum ita, ko da wasa. Kada a harba abin da ido bai gani sosai ba, musamman inda mata ke wanki da inda yara ke wanka. Kada mutum ya yi nutso shi kaɗai. Su kuma yana da doka: ku tambayi ma'aikatan ruwa da dazuzzuka kafin ku fara.

Ga aikin gida. Daga rami zuwa tsaga santimetir 65 ne, igiya ta ci 5. Roba santimetir nawa za a yanka? Ku kawo wa malam amsa ran Alhamis.

Allah ya kiyaye mu, ya ba mu sa'ar su.