Damisar Ƙanƙara da Tarbiyyar Yaran Makiyaya



Maganarmu ta yau a kan wata dabba ce da ke zaune a duwatsu masu ƙanƙara na ƙasashe 12 na Asiya, irin su Sin da Indiya da Pakistan da Nepal da Mongoliya, watau damisar ƙanƙara. Galibi akan same ta a tsayin mita 3,000 zuwa 4,500. Tun shekarar 1975 aka haramta cinikin fatarta tsakanin ƙasashe. A shekarar 2017 ƙungiyar IUCN ta sauke ta daga jerin dabbobin da ke cikin babban haɗarin ƙarewa zuwa matakin da ke ƙasa da shi, amma kisan bai tsaya ba.

To, su wa ke kashe ta? Binciken da ƙungiyar TRAFFIC ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa akan kashe tsakanin 221 da 450 kowace shekara, kuma fiye da rabinsu makiyaya ne ke kashewa don ramuwar gayya. Damisa takan faɗa garke da dare ta hallaka tumaki da yawa, mai garke ya ɗana mata tarko ko ya sa guba, daga baya fatar ta faɗa hannun 'yan fasa-ƙwauri.

Ke nan yaron da ya fi cancantar a ilmantar shi ne ɗan makiyayin nan, domin shi zai gāji garken, ya gāji haushin. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kwarin Spiti na Indiya, masu kare namun daji sun riƙa fita da 'yan makaranta zango a kan duwatsu, suna nuna musu sawun damisa da tumakin dawan da take ci. A nan yaro yakan gane cewa idan maharba suka ƙarar da tumakin dawa, ko dabbobin gida suka cinye musu ciyawa, yunwa ce za ta koro damisa zuwa garken ubansa.

Amma fa mu yi hattara. Ba za a ce wa yaro ya so abin da ya talauta gidansu ba, alhali ba a share wa iyayensa hawaye ba. Shi ya sa a Spiti da Baltistan ta Pakistan aka kafa asusun inshora wanda makiyaya ke zuba kuɗi, a biya wanda ya yi hasara, a wurare da dama kuma aka rufe saman garke da ragar waya. Darasin aji yakan zauna a zuciya idan yaro ya ga amfaninsa a gida.

A 2013 ƙasashen nan 12 suka taru a Bishkek suka yi alkawarin kare ta, ranar 23 ga Oktoba kuma ta zama ranar tunawa da ita. Cika alkawarin nan yana wuyan yaran da ke kiwo a duwatsun a yau, da malaman da ke koyar da su.