Jirgin Ƙasa da Rabon Bahindi

Shugabanni da 'yan'uwa mazauna birane.

Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. A Jamhuriyar Benin kuwa, Paraku ce iyakarsa. Mu Bahindawa muna tsakani, ba wanda ya iso mu.

Tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, da yawanku kun ɗanɗani tarago mai sanyi. Amma ɗalibinmu mai tafiya Zariya, da dattijuwa mai neman asibiti, har yau mota ce gatansu.

Ku da ke kusa da mahukunta, ku riƙa tuna musu cewa Jihar Kebbi ba ta da tashar jirgin ƙasa ko ɗaya. Mu haɗa murya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.